Bayanin Yadda Aka Rinjayi Jam'iyyar Masu Ƙin Baƙi A Gabashin Landan

 Wannan bayani ne zuwa ga malamai da almajirai da fatake a kan wani al'amari da ya auku a ƙasar Ingila, wanda ya cancanci a dube shi da idon basira, gama duk wanda ya taɓa kwana a garin da ba na ubansa ba, ko yake da ɗa ko ƙane a can, maganar ta shafe shi.

A ƙasashen Turai akwai waɗansu jam'iyyu da Turawa ke kira 'yan ƙarshen hannun dama. Asalin sunan daga majalisar Faransa ne ta shekarar 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna dama da shugaban majalisa, masu neman canji kuwa suka zauna hagu. Amma waɗanda ake nufi da shi a yau su ne masu cewa ƙasa ta 'yan asali ce kaɗai, baƙo kuwa, ko baƙar fata ne ko Musulmi ko Bayahude, shi ne sababin kowace wahala. Irin waɗannan ba su faye fara cin kujera a babbar majalisa ba. Daga ƙasa suke tasowa, watau daga majalisar gari, kwatankwacin En'e ta zamanin da ko ƙaramar hukuma ta yau, wadda ke riƙe da gidajen haya da makarantu da kwasar shara. A can ƙuri'a kaɗan ke ba mutum kujera, kuma yawancin jama'a ba sa damuwa su fito ran zaɓe.

Wurin da wannan bayani ya dosa sunansa Barking da Dagenham, yanki ne guda a gabashin Landan, a arewa da kogin Thames, majalisarsa tana da kujeru 51. Ran 4 ga watan Mayu na 2006 wata jam'iyya mai suna BNP ta tsayar da mutum 13 a wurin, 12 suka ci, ta zama ita ce babbar abokiyar hamayyar jam'iyyar Leba wadda ta daɗe tana mulkin yankin. Wannan BNP an kafa ta a 1982, kuma har zuwa farkon 2010 dokarta ba ta yarda wanda ba farar fata ba ya shiga cikinta, sai da aka kai ta gaban shari'a kāna ta sāke. Bayan shekara huɗu, a zaɓen 2010, ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba. Abin tambaya shi ne, ta ina ta shiga, kuma da me aka fitar da ita?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon wannan yanki kuwa a kan ginshiƙi biyu aka ɗora shi, aiki da muhalli. Aikin shi ne na masana'antar motoci ta kamfanin Ford da aka buɗe a Dagenham a 1931, wadda a lokacin ƙarfinta, cikin shekarun 1950, take ɗauke da ma'aikata wajen 40,000. Muhallin kuwa shi ne unguwar Becontree, wadda hukumar Landan ta gina tsakanin 1921 da 1935, gida wajen 26,000, ana ba talakawa haya da sauƙi. Uba ya yi aiki a Ford, ɗa ya gāje shi, in ya yi aure a ba shi gida kusa da na iyayensa. Haka aka saba shekara da shekaru.

Sai ginshiƙan biyu suka raunana. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta yi doka cewa ɗan haya yana da ikon sayen gidan hukuma da yake ciki a kan rangwamen kuɗi. Mutane suka yi ta saye, hukuma kuwa ba ta gina madadin abin da ya fita daga hannunta ba. A 2002 kuma Ford ta daina haɗa motoci a Dagenham, sai ƙirar inji ta rage, ma'aikata suka koma 'yan dubbai. Waɗanda suka sayi gidajensu, da yawa suka sayar suka ƙaura, waɗansu gidajen kuma suka faɗa hannun masu saye domin ba da haya. Da yake gidajen yankin suna cikin mafi araha a duk Landan, sai masu ƙaramin ƙarfi daga sauran unguwanni suka nufo wurin, cikinsu har da mutanen Nijeriya da Gana da sauran ƙasashen Afirka da Asiya. Ƙidayar 2001 ta nuna Turawan asalin ƙasar kashi 81 ne cikin ɗari na mutanen yankin, ta 2011 kuwa ta nuna sun koma kashi 49.

To, mai karatu ya kwatanta halin tsohuwar da 'yarta ta shekara da shekaru cikin jerin masu jiran gidan hukuma ba ta samu ba, ga shi kuma ta wayi gari ta ga baƙo ya tare a gidan da ke jikin nata. Ba ta san cewa gidan ya daɗe da fita daga hannun hukuma ba, kuma baƙon da guminsa ya saya, ko kuwa haya mai tsada yake biya. Abin da idonta ya gani shi ne ƙofa irin tata, da baƙuwar fuska a ciki. A nan ne BNP ta sami abin da take nema. Ta baza takardu cewa wai akwai wani shiri na ba mutanen Afirka fam 50,000 kowanne domin su zo su zauna a yankin. Babu wannan shiri, ƙarya ce, amma ta shiga kunne, domin ta zo daidai da wani ciwo na gaskiya. Wannan ita ce sana'ar annamimi a ko'ina: ya tarad da mai kuka da dalili, ya nuna masa wanda bai dake shi ba.

Ita kuwa jam'iyyar Leba, da yake ta saba ci ba da wahala ba, ta daina zuwa ƙofar mutane. Wakiliyar Barking a babbar majalisa, Margaret Hodge, wadda ita kanta a Masar aka haife ta, 'yar Yahudawa masu gudun hijira, ta faɗa a fili kafin zaɓen 2006 cewa takwas cikin goma na Turawa talakawa da take tararwa suna tunanin zaɓen BNP. 'Yan jam'iyyarta da yawa suka zarge ta da cewa ta yi wa abokan gaba talla. Ko ta yi kuskure wajen faɗa ko ba ta yi ba, zaɓen da ya biyo baya ya nuna akwai ƙamshin gaskiya cikin zancenta.

Daga nan aka shiga gyara, kuma gyaran ya bi hanya uku.

Hanya ta farko ita ce saurare. Wakiliyar ta riƙa rubuta wa mutanen unguwa takarda, unguwa bayan unguwa, tana gayyatarsu shan shayi, a zauna kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Da yawa sukan fara da fushi da zancen baƙi, amma in aka bari suka sauke abin da ke ransu, sai a tarar ƙarƙashinsa akwai maganar shara da ba a kwashe ba, da hanya da ta lalace, da ɗa da ya rasa gida. Abin da za a iya gyarawa a gyara, a komo a gaya wa mutum an yi. Abin da ba za a iya ba a gaya masa gaskiya. Majalisar garin ita ma ta tashi a kan tsabtar unguwanni, tana tilasta wa masu gidajen da suka bar ƙofarsu ta zama juji su share. Mai raina wannan ya ce ƙananan abubuwa ne, amma wanda ya yi kasuwanci ya san amana da cikon mudu ake gina ta, ba da yawan rantsuwa ba.

Wannan dabara tana da tushe a gabashin Landan tun da daɗewa. A shekarun 1930 wani mai suna Oswald Mosley ya tara mabiya masu baƙaƙen riguna suna tsangwamar Yahudawan Stepney, har aka yi arangama ran 4 ga Oktoba 1936 a titin Cable, inda jama'a suka tare hanya suka hana su wucewa. Ana yawan tuna wannan rana, amma abin da ya biyo bayanta ya fi ta amfani. A 1937 mai gida ya tashi korar waɗansu iyalai biyu daga wani gidan haya mai suna Paragon Mansions saboda bashi, alhali masu gidan biyu suna cikin mabiyan Mosley, jam'iyyarsu kuwa ba ta yi musu kome ba. Sai wani Bayahude ɗan Kwaminis mai suna Phil Piratin ya tara maƙwabta suka tsare ƙofa suka hana a fitar da kayansu, har aka daidaita. Mutanen nan suka yayyage takardunsu na jam'iyya. Abin da zagi bai yi ba, taimako ya yi.

Hanya ta biyu ita ce tona ƙarya, ba tare da zagin wanda aka yaudara ba. A 2004 wani mai suna Nick Lowles ya kafa ƙungiyar Hope not Hate, ma'anar sunan kuwa kyakkyawan fata a maimakon ƙiyayya. Wannan ƙungiya ta haɗa hannu da ƙungiyoyin ma'aikata da mutanen addini da sauran jama'ar gari, tana buga 'yar jarida ta unguwa, ana raba ta gida gida. Ba ta ce wa mai zaɓen BNP mugu ba. Abin da take yi shi ne ta ajiye masa lissafi: ga abin da kansilolin nan suka alkawarta, ga abin da suka aikata tun da suka hau. Su kuma suka taimaka wajen tona kansu. Ɗaya daga cikinsu, Richard Barnbrook, ya fito a wani hoto mai motsi yana ba da labarin kashe-kashen da ba a yi ba a yankin, aka bincika aka tarar babu su, aka dakatar da shi wata guda a 2009. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai yana bukatar mai haƙurin bin sa har ƙarshe.

Hanya ta uku, wadda ita ce ta yanke hukunci, ita ce fitar da mutanen da suka saba zama gida ran zaɓe. A wannan lokaci BNP tana ganiyarta. A 2009 ta sami ƙuri'a fiye da 900,000 a zaɓen majalisar Turai, ta ci kujera biyu, shugabanta Nick Griffin kuwa ya zo Barking da kansa yana neman kujerar Margaret Hodge, jam'iyyarsa tana kwaɗayin kama majalisar garin ɗungum. Da jama'a suka ga haka sai suka tashi. Aka bi sababbin mazauna ana shigar da sunayensu cikin littafin masu zaɓe, aka yi magana a wuraren ibada, 'yan ƙwadago suka ba da kuɗi da ƙafa. A rana guda cikin watan Afrilu na 2010 mutum fiye da 500 suka fito ba da lada ba, suka raba jarida wajen 90,000. Ran 6 ga Mayu aka jefa ƙuri'a. Margaret Hodge ta sami 24,628, Griffin ya sami 6,620, ya zo na uku. A majalisar gari kuwa Leba ta kwashe kujeru 51 duka.

A nan ya wajaba a tsaya a faɗi abin da masu murna sukan tsallake. Mutum dubu shida da ɗari shida ba kaɗan ba ne. Masu zaɓen BNP ba su ɓace ba, rinjayarsu aka yi da yawa. A 2006 waɗanda suka fito zaɓen majalisar garin ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, a 2010 kuwa sun kai wajen kashi 60, kuma wani sashi na wannan ƙari ya zo ne domin an haɗa zaɓen gari da na ƙasa a rana ɗaya. An taɓa ganin irin wannan a unguwar Millwall, can ma a gabashin Landan. A watan Satumba na 1993 ɗan BNP mai suna Derek Beackon ya ci kujerar kansila da ƙuri'a 1,480, ratar bakwai kacal tsakaninsa da na Leba. A watan Mayu na 1994 ƙuri'arsa ta ƙaru zuwa 2,041, amma ya faɗi, domin mutanen coci da 'yan asalin Bangaladash da sauran maƙwabta sun tsaya sun ga cewa kowa ya fito, har wanda tsoro ya hana shi a baya. Darasin a fili yake: irin wannan jam'iyya ba da yawanta take ci ba, da barcin sauran jama'a take ci.

Akwai masu cewa sauraron mai ƙin baƙi sassauci ne, kuma wanda ya zauna shan shayi da shi ya ba shi gaskiya. Maganarsu tana da wurin tsayawa, gama akwai iyaka tsakanin jin kukan mutum da karɓar fatawarsa. Ita Margaret Hodge ma a 2007 ta ba da shawarar a fifita iyalan da suka daɗe a ƙasa a kan sababbin zuwa wajen rabon gidajen hukuma, manyan jam'iyyarta suka yi mata ca, suka ce ta ari harshen abokan gaba. Amma amsar wannan ba ita ce a toshe kunne ba. Likita yakan yarda da marar lafiya cewa cikinsa na ciwo, ba ya yarda da shi cewa maƙwabcinsa ne ya yi masa sammu. Ƙarancin gida gaskiya ne, a amsa shi da gini. Cewa baƙo ne ya kawo shi ƙarya ce, a amsa ta da hujja. Wanda ya musanta duka biyun ya rasa mai ciwon, wanda kuwa ya gaskata duka biyun ya zama mai yi wa annamimi aiki.

Ita BNP bayan wannan kaye ba ta sāke miƙewa ba. Rigingimun cikin gida da bashi suka cinye ta, aka kori Griffin a 2014, kansilanta na ƙarshe a majalisun gundumomi ya sauka a 2018. Amma mutuwar jam'iyya ba ita ce warkewar ciwo ba. A ƙuri'ar 2016 kashi 62 cikin ɗari na masu zaɓe a Barking da Dagenham suka zaɓi a fita daga Tarayyar Turai, kuma zancen baƙi yana cikin manyan abubuwan da aka yi yaƙin ƙuri'ar da su. A zaɓen majalisun gari na watan Mayu 2025 jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta ci kujera 677 a sassan Ingila, ta kama majalisa goma. Adalci ne a faɗi cewa wannan jam'iyya ba BNP ba ce, ba ta da dokar launin fata, kuma tana ƙin a kira ta da sunan 'yan ƙarshen dama. Sai dai rage shigowar baƙi shi ne babban kayan da ta kasa a kasuwar zaɓe, kuma ta sami masu saye. Haka nan majalisar da jam'iyya ɗaya ta cika ba abokin hamayya tana da nata haɗari, domin rashin mai tsawatarwa shi ne ya sa aka yi barcin farko.

An kuma ga wani gwaji a 2024. Ran 29 ga Yuli wani saurayi ya kashe yara mata uku a garin Southport. Nan da nan aka baza ta wayoyi cewa wai baƙo ne Musulmi da ya ƙetaro teku, har da laƙaba masa sunan ƙarya, alhali haifaffen ƙasar ne. Kashegari 'yan tarzoma suka far wa masallacin garin, fitina ta bazu zuwa garuruwa da dama. Amma da gari ya waye sai mutanen unguwa, yawancinsu ba Musulmi ba, suka fito da tsintsiya, magina suka ta da bangon masallacin da aka rushe. A birnin Liverpool kuma, ran Juma'a 2 ga Agusta, masu zanga-zanga suka taru gaban masallacin Abdullahi Quilliam, shi ne Baturen nan da ya musulunta ya buɗe masallacin a 1889, wanda kuma ya zo Ikko a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey da saƙon Sarkin Musulmi na Santambul. Ɗaruruwan mutanen gari suka zo suka tsaya a ƙofar masallacin domin kāre shi. Da ƙura ta lafa, wani limami mai suna Adam Kelwick ya ƙetara titi da abinci a hannu, ya gaisa da waɗanda suka zo da fushi, aka ci, aka yi magana. Waɗanda suka tsaya a ƙofa ba a ranar aka san su ba. Zaman lafiyar shekaru ne ya kira su.

Malamai sun san asalin wannan a cikin sira. Wani falke daga mutanen Zubaidu na Yaman ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'ilu ya karɓa ya hana shi kuɗinsa, ganin baƙo ne ba shi da dangi. Falken ya hau dutsen Abu Ƙubaisu ya kai kuka. Sai waɗansu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'anu, suka yi alkawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta a garin, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Shi ne Hilful Fuduli. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarta tun yana saurayi, kuma ya yabi wannan alkawari bayan an aiko shi, alhali waɗanda suka ƙulla shi ba Musulmi ba ne a lokacin. Saboda haka haɗa kai da maƙwabcin da ba addini ɗaya ba domin tsare gari daga zalunci ba baƙon abu ba ne ga Musulmi.

Fatake kuma sun san ɗacin wannan magana da jikinsu. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su fita, mutanen zango da yawa suka bar dukiyarsu. A 1983 kuma Nijeriya ta yi wa mutanen Gana da na sauran maƙwabta irin wannan. Wanda yake baƙo a wani gari, ɗan gari ne a wani, kuma duk lokacin da abinci ya yi wuya ba a rasa mai nuna baƙo da yatsa.

Saboda haka nasiha ga wanda ke zaune a Turai, ko mai aika wa ɗansa takarda a can, guda huɗu ce. Ya shigar da sunansa cikin littafin zaɓe in doka ta ba shi, kada ya raina zaɓen kansila, domin bakwai ta taɓa ba azzalumi kujera. Ya san maƙwabcinsa tun ana zaman lafiya, ya gaishe shi, ya kai masa naman layya. Ya shiga cikin kukan unguwa a kan gida da makaranta da shara, kada ya ce wannan na 'yan gari ne, gama ruwan da ya ci ɗakin maƙwabci ba zai tsaya a katanga ba. In kuma ya ji ƙarya tana yawo, ya bi ta da hujja cikin ladabi, ya rarrabe tsakanin mai ƙirƙira da wanda aka ruɗa. Wannan aiki kamar noma yake, ba a yin sa sau ɗaya a huta, gonar da aka share bara in an bar ta bana ciyawa za ta koma.

Allah Ya tsare bayinSa daga fitinar annamimai, Ya sanya tausayi tsakanin baƙo da mai masauki, Ya ba shugabanni ikon jin kukan talakawa tun bai zama wuta ba. Amin. Wassalamu.